Kalanda Biyu a Gari Ɗaya: Zuwan Baƙi Lokutan Hutu da Sauyin Yawon Buɗe Ido a Agadas, 1980 zuwa 2025

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi lokutan da baƙi ke shiga Agadas, babban birnin ƙasar Abzin a arewacin Nijar, daga wajen 1980 zuwa 2025. Ta raba baƙin gida biyu: masu bin hutun Turai, waɗanda ke zuwa da sanyi, da masu bin watan Musulunci da ƙarshen damina da hutun makaranta. Hujjar da take kafawa ita ce, sana'ar yawon buɗe ido da aka san garin da ita an gina ta ne kan rukuni na farko kaɗai, shi ya sa ta durƙushe har sau biyu cikin shekara ashirin. Rukuni na biyu kuwa bai taɓa yankewa ba, sai dai ma'aunin da ake ƙirga baƙi da shi ba ya ganinsa.

Gabatarwa



Yawancin abin da aka rubuta kan yawon buɗe ido a Agadas labarin baƙo ɗaya yake bayarwa, wato Baturen da ke sauka daga jirgi a watan Disamba. Emmanuel Grégoire da Marko Scholze sun yi nazari mai zurfi kan wannan baƙo da Abzinawan da suka mayar da tarbarsa sana'a, Julien Brachet kuma ya bi sawun matafiyan da ke ratsa garin zuwa Libiya da Aljeriya. Na amfana da ayyukansu ƙwarai. Abin da nake son ƙarawa shi ne tambayar lokaci: wa ke zuwa Agadas, a wane wata, kuma wa ya yanke masa wannan watan? Hanyar da na bi ita ce jera kalandar baƙin waje da ta baƙin gida gefe da gefe, a ga inda suka haɗu da inda suka saɓa.

Agadas tana da nisan kilomita kusan 950 daga Yamai ta hanyar mota, kusan 450 daga Damagaram, 240 kuma daga Arlit. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 110,000 a garin, kuma ya ƙara cika sosai tun daga lokacin. Saukar baƙi tsohuwar sana'arsa ce. Tun ƙarni na 15 da Sarkin Abzin ya kafa fadarsa a nan, kamar yadda Djibo Hamani ya bayyana a tarihin masarautar, garin zango ne na ayarin da ke tsakanin ƙasar Hausa da Arewacin Afirka, da na azalai mai ɗauko gishiri da dabino daga Fashi da Bilma. Babban masallacin da aka gina a 1515, aka sabunta a 1844, hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27 ita ce matafiyi ke fara hangowa. Heinrich Barth ya sauka garin a Oktoban 1850, har yau kuma ana nuna gidan da ya zauna.

Kalandar sanyi

Yanayi ne ya fara yanka wa baƙon waje lokacinsa. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin rana a Agadas yana haura digiri 40. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan da ake samu, duk da ƙarancinsa, yana cika ƙoramun duwatsun Abzin, hanyoyi su yanke. Saura wata shida ke nan, Oktoba zuwa Maris. A cikin wata shidan ma ba kullum ake cika ba, domin mai zuwa ma'aikaci ne ko malamin makaranta a Faransa, Jamus, Italiya ko Suwizalan, kuma sai an ba shi hutu. Saboda haka a da kasuwar takan ɗan motsa a ƙarshen Oktoba, ta kai ƙololuwa tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, ta sake ɗagawa a hutun makarantu na Fabrairu, daga nan ta kwanta sai wata shekara.

A shekarun 1980 hanyoyi biyu ne suka kawo wannan baƙo. Ta farko ita ce ta ƙasa: samarin Turai su sayi tsohuwar Peugeot, su ratso Aljeriya ta Tamanrasat da In Gezam, su shigo ta Asamaka da Arlit, su sayar da motar a Nijar ko gaba da ita, kuɗin ya biya musu tikitin komawa. Kwaltar da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit saboda yuraniyum ta sauƙaƙa wannan zirga-zirga. Ta biyu ita ce tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda ya tashi karon farko ranar 26 ga Disamba 1978, kuma tun wannan karon ya biyo ta Agadas. A 1983 aka fara ratsa hamadar Tenere, guguwar rairayi ta ɓatar da direbobi wajen arba'in, talabijin ta ɗauki labarin, sunan Tenere ya shiga gidajen Turai. A shekaru da dama a Agadas ake hutun tsakiyar tseren. A lura da ranar tashinsa: shi ma kan hutun Kirsimeti aka ɗora shi.

Mutumin da ya fi kowa gane abin da ake iya yi da wannan suna shi ne Mano Dayak. Ya kafa kamfanin Temet Voyages, ya yi aiki da Thierry Sabine mai shirya tseren, ya kuma taimaka wa Bernardo Bertolucci lokacin da ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa The Sheltering Sky, wanda ya fito a 1990, a cikin tsohon gari. Wasu suka bi sawunsa, kamfanonin kai baƙi sahara suka yawaita, galibinsu a hannun Abzinawa.

Ga yadda tafiyar take a wancan zamani. Mota biyu ko uku kat-kat, yawanci Toyota, kowace da direbanta, ga ɗan jagora, ga kuku. A ɗaure jarkokin ruwa da na mai, a jibga itacen girki da katifu a saman mota. A bi ta Timiya mai lambunan lemo da rumman, a wuce Iferwan, a ɓulla gabas inda rairayi ke cin karo da dutse, a Temet ko Arakaw. Da magariba kuku ya kwaɓa fulawa, ya ture garwashi gefe, ya binne kwaɓin cikin rairayi mai zafi, ya mayar da garwashin a kai. In ya gasu ya tono shi, ya kankare toka da wuƙa, ya gutsuttsura cikin miya. Bayan nan shayi, zagaye uku. Da jiragen haya na kamfanin Point-Afrique suka fara sauka Agadas kai tsaye daga Faransa bayan tawayen Abzinawa na farko, wanda za a zo kansa a gaba, tsawon tafiyar ma jirgi ne ya yanka shi: tunda sau ɗaya yake zuwa a mako, baƙo ko ya yi kwana takwas ko ya yi goma sha biyar.

Abin lura a wannan tsari shi ne ɗan ƙaramin rabon da garin kansa ke samu a lokacin. Baƙon don sahara ya zo. Kwana ɗaya yake yi a Agadas in ya sauka, ɗaya in zai tafi. A wannan ɗan tsakani zai hau hasumiya ta matsattsen matakalarta, ya leƙa gidan mai burodi da aka yi fim a ciki, ya sha lemo a saman Otel Air, wanda a da gidan Kawusan ne, jagoran boren Abzinawa na 1916 zuwa 1917. Sai ya tsaya wajen maƙeri, ya ga yadda ake siffanta giciyen Agadas da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a ƙona kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, sannan a goge a yi zane. Samarin da ake kira mafarautan turis suna biye da shi da kayan sayarwa a aljihu. Babban kason kuɗin tafiyar tun a Turai aka biya shi ga kamfanin da ya sayar da tikiti. Abin da ya iso nan ya fi tsayawa wajen masu motoci da otel-otel da maƙera. Mazauna tsoffin unguwanni goma sha ɗaya, waɗanda gidajensu ake ɗauka hoto, kaɗan ne ke shiga hannunsu. Ba na faɗin haka don rage darajar sana'ar. Direba guda yana ciyar da gida babba, kuma rijiyoyi da makarantu da dama a ƙauyukan Abzin ta hanyar abotar da aka ƙulla a irin waɗannan tafiye-tafiye aka same su, kamar yadda Grégoire ya nuna. Amma sana'a ce ta wata shida, mai ciniki da nahiya ɗaya.

Faɗuwa biyu

Kisan da aka yi a Cintabaraden a Mayun 1990 ya buɗe ƙofar tawayen Abzinawa na farko, wasu masu kamfanonin yawon buɗe ido ma, har da Mano Dayak, suka zama jagororinsa. Daga 1992 yaƙin basasar Aljeriya ya toshe hanyar ƙasa. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgi ranar 15 ga Disamba na wannan shekarar, filin jirgin saman garin kuma sunansa yake ɗauke da shi yanzu. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙona makamai a Agadas, baƙi suka dawo, aka ƙirƙiro bikin Abzin na Iferwan aka ɗora shi kan lokacin sanyi domin ya dace da zuwansu. Wannan farfaɗowa ba ta cika shekara goma ba.

A Fabrairun 2007 ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ ta kai hari Iferwan, a Agusta aka sa dokar ta-ɓaci a jihar, aka binne nakiyoyi a hanyoyin da kat-kat ke bi. Tawayen ya lafa a 2009, sai wani abu da ya fi shi illa ga sana'ar ya biyo baya, wato satar Turawa. A Janairun 2009 an sace 'yan yawon buɗe ido huɗu kusa da iyakar Mali. Ranar 16 ga Satumba 2010 an ɗauke mutum bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa. Ma'aikatun harkokin wajen Turai suka shafa wa arewacin Nijar jan launi a taswirarsu, kuma da zarar an shafa wannan launi kamfanin inshora ya janye, kamfanin tafiye-tafiye ya soke jirgi. Tseren Dakar an soke shi a 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009.

Ranakun 2013 biyu sun isa su nuna halin da aka shiga. Ranar 23 ga Mayu 'yan ƙunar baƙin wake suka kai hari barikin soja na Agadas da ma'aikatar yuraniyum ta Arlit. Wata ɗaya bayan haka, a Yuni, hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya. Shaidar da a wasu ƙasashe ke ninka yawan baƙi ta iso a lokacin da babu jirgin da zai kawo su. Kisan Faransawa shida da direbansu da ɗan jagoransu a Kure ranar 9 ga Agusta 2020, juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da sace wasu mata biyu 'yan Turai mazauna Agadas, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilun 2025, kowanne ya ƙara wa ƙofar sakata.

Direbobin da 'yan jagoran ba su zauna haka ba, domin sanin hanyar sahara jari ne. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 da yawansu suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, ayarin Hilux na tashi duk Litinin da rakiyar soja zuwa Dirku. A 2016 hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙirga sama da mutum 300,000 da suka ratsa Nijar suka nufi arewa. Dokar 2015-36 ta haramta wannan jigila, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, har zuwa Nuwamban 2023 da gwamnatin soja ta soke ta. Zinariyar da aka gano a Jado da Cibarakatan a 2014 ta ja wasu. Otel-otel kuma suka rayu da ma'aikatan agaji, 'yan jarida, da 'yan kwangilar sansanin sojan Amurka na 201, wanda aka bari a Agustan 2024. Duk waɗannan baƙi ne, amma babu na hutu a cikinsu, kuma kowane rukuni da wata shawara da aka yanke a wani babban birni mai nisa ya zo, da irinta ya tafi.

Kalanda ta biyu

A duk tsawon shekarun nan ba a fasa Biyanu ba. Wannan biki na Agadasawa ana fara kaɗe-kaɗensa bayan Babbar Sallah, ya ɗauki kusan mako uku, ya ƙare a Ashura. Gari ya rabu biyu, 'yan gabas da 'yan yamma, kowane ɓangare da tamburansa da shugabansa, suna zagaya unguwanni da yamma. Jajibirin ranar ƙarshe a fita zuwa Alarsas, 'yan kilomitoci kaɗan daga gari, a kwana can. Da hantsi a dawo, maza cikin manyan riguna shuɗi da fari, rawani an naɗa shi da tsini kamar zankon zakara, ganyen kaba a hannu da bisa kai, mata suna guɗa daga ƙofofin gidaje, har a dangana da fadar Sarkin Abzin. Wasu na danganta asalin bikin da tarbar da mutanen Madina suka yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasu da saukar jirgin Annabi Nuhu. Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne, ɗan Agadas da ke aiki a Yamai ko Arlit ko Tamanrasat ko Sabha, in zai zo gida sau ɗaya a shekara, lokacin nan yake nema, sau da yawa ya haɗa da Babbar Sallah ya yi zama ɗaya. Yakan zo da iyali, wani lokaci da abokin aiki da bai taɓa ganin arewa ba.

Tunda bikin watan Musulunci yake bi, kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya a kalandar Miladiyya, ya zagayo cikin shekara 33. A nan ne jera kalandun biyu ke nuna abin da ba a cika lura da shi ba. Ashura ta faɗo ƙarshen Janairu a 2007, tsakiyar Janairu a 2008, farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba a 2009, tsakiyar Disamba a 2010, farkon Disamba a 2011. Wato shekarun da Biyanu ya zo daidai da ƙololuwar hutun Turai, damar da ba ta zagayowa sai bayan shekara talatin da 'yan kai, su ne daidai shekarun tawaye na biyu da satar mutane. Baƙon waje bai ga haɗuwar ba. Daga 2020 zuwa 2025 kuwa Ashura ta yi ta faɗowa tsakanin ƙarshen Agusta da farkon Yuli, cikin dogon hutun makarantun Nijar. Malamin makaranta da ɗalibi da ma'aikacin da ke jiran 'ya'yansa su sami hutu duk sun samu sararin zuwa. A mizanin kamfanin yawon buɗe ido waɗannan watanni matattu ne, alhali a tashar mota sai an yi kamun wuri tun da wuri.

Satumba kuma na garin Ingal ne. Idan damina ta ƙare makiyaya Abzinawa da Fulani Bororoji suna kai dabbobinsu filayen da ke yamma da Agadas domin ciyawa da ruwa mai gishiri, taron da hukuma ke kira Cure Salée. Da can hoton samarin Bororoji masu rawar gerewol shi ake sayar wa Turawa. Taron bai dogara da su ba, domin dalilinsa lafiyar dabba ce da sada zumunci da ciniki, kuma gwamnati na amfani da shi wajen rigakafin dabbobi da na mutane. Tawagogin hukuma, 'yan kasuwa da 'yan kallo duk ta Agadas suke bi. Akwai kuma Gani, wato Mauludi, da ake yi da sukuwar raƙuma a garuruwan duwatsu, da masu ciwon gaɓoɓi da ke zuwa wanka a ruwan zafi na Tafadek arewa da gari.

Misalin da ya fi ƙarfi a ganina shi ne na kokowa. Daga 22 zuwa 31 ga Disamba 2023 Agadas ta karɓi gasar takobin ƙasa karo na 44, kowace daga cikin jihohi takwas ta turo 'yan kokowarta da makaɗa da magoya baya, Kadri Abdu da aka fi sani da Isaka Isaka na Dosso ya ɗauki takobinsa na shida. Wata biyar ke nan bayan juyin mulki, ƙasar tana ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, iyakar Najeriya da ta Benin a rufe. Makon nan shi ne daidai makon da a da ake jiran jirgin Faransa. Garin ya cika da 'yan ƙasa. Haka aka gani a Disamban 2016, lokacin bikin ranar Jamhuriya mai zagayawa da aka yi wa laƙabi da Agadez Sokni. Sanyin da ke jawo Bature yana yi wa mutumin Maraɗi ko Dosso daɗi shi ma, in an ba shi dalilin tasowa.

Abin da ma'auni ke tsallakewa

Yadda aka saba ƙirga 'yan yawon buɗe ido shi ne ta rajistar otel da takardar shiga ƙasa. Baƙon kalanda ta biyu ba ya ratsa ko ɗaya. A gidan ɗan'uwa yake sauka, ko gidan aboki, ko ɗakin da mai unguwa ya nema masa, a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida saboda zafi. Kuɗinsa yana tafiya wajen mai rago, mai yadi, tela, ɗan kabu-kabu, mai shayi, da makaɗan jita na bukukuwan aure, irin fagen da ƙungiyar Etran de l'Aïr ta taso a ciki. In zai koma ya sayi tsaraba: cuku, dabino, takalman fata, zoben azurfa. Wannan kuɗi ya fi na baƙon waje bazuwa cikin gari, kuma ya fi shiga hannun mata.

Dole a faɗi iyakarsa. Baƙon gida ba ya hayar kat-kat kwana takwas, ba ya biyan ɗan jagora mai jin Faransanci da Jamusanci, kuma yana taya azurfa da farashin da maƙeri ba ya so. Ba zai maye wa direbobin sahara abin da suka rasa ba. Wani nauyin ma kan mai masauki yake sauka, wanda zai ciyar da mutum goma a gari mai ƙarancin ruwa da yawan ɗaukewar wuta. Sai dai abin da ba a ƙirga ba, ba a yi masa tanadi, kuma tun 2007 kusan duk shirin farfaɗo da sana'ar jiran dawowar jirgi ne. Ƙirgar ba ta da wuya. Kamfanonin safa suna rubuta sunan kowane fasinja da inda za shi. Masu unguwanni sun san gidan da ya yi baƙi. Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, tana da ɗaliban da za su iya tattara waɗannan bayanai mako-mako na shekara biyu ko uku, a fitar da taswirar shigowar mutane ta gaskiya.

Akwai kuma baƙon da ke kusa wanda ba a taɓa nema da gaske ba, shi ne na ƙasar Hausa. Daga Kano zuwa Agadas ta Matamai, Damagaram da Tanut kilomita wajen 700 ne, kuma Hausa ake ji a kasuwar garin da cikin tsoffin unguwanninsa. Dangantakar a bayyane take. A birnin Kano akwai unguwar Agadasawa. Turkuɗin da Abzinawa ke naɗawa ranar Biyanu a Kura aka daɗe ana rina shi. Gobirawa suna ba da labarin cewa daga Abzin suka gangaro. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrila ɗan Umaru har Agadas yana ɗaukar karatu. Ɗalibin tarihi a Sakkwato ko Katsina ko Zariya yana karanta waɗannan a aji, kuma zai fi amfana da ganin masallacin da fadar da idonsa. Wannan baƙo gari yake so, abin da baƙon sahara ke ratsawa cikin kwana ɗaya. Cikas ɗinsa sananne ne: an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, naira ta faɗi ƙwarai a gaban sefa, kuma matsalar tsaro ba ta tambayar launin fata. Duk da haka babu wata taswira mai jan launi a wata ƙasa ta uku da za ta hana shi tasowa.

In gari ne abin da za a nuna, to gidajen ƙasar nan su ne jarin, kuma ruwa na cin su. Ambaliyar farkon Satumban 2009, lokacin da ƙoramar Telwa ta ɓalle, ta rushe gidaje da yawa, daminar 2024 kuma ta yi wa tsohon gari lahani har ta taɓa masallacin. Yaɓe aiki ne na kowace shekara, magidanci kuma in ba shi da hali siminti zai nema ko ya bar ɗakin ya zube. Iyalin da aka taimaka wa suka gyara ɗaki biyu don saukar baƙi da ɗan kuɗi kaɗan, lokacin Biyanu ko hutun Disamba, sun sami abin biyan magini.

Kalandar kuma ba ta tsaya ba. A 2026 Ashura na faɗowa ƙarshen Yuni, a 2027 tsakiyarsa, a 2028 farkonsa, daga 2029 ta shiga Mayu. Biyanu na fita daga hutun makaranta ke nan, yana shiga lokacin jarrabawa, sannan tsakiyar bazara, inda buƙatar ruwa da wuta ta fi tsanani kuma tafiyar kilomita 950 a safa ta fi wahala ga yara da tsofaffi. Ina sa ran masu zuwa da iyali za su ragu, zaman ya gajarce, nauyin ya koma kan hutun Disamba da taron Ingal. Hukumar gari da fadar Sarkin Abzin da kamfanonin safa suna da waɗannan ranaku a hannu tun yanzu, kuma tanadin tankokin ruwa da ƙarin motoci na Mayun 2029 a kasafin 2027 da 2028 ya kamata ya fara fitowa.